GYARA KO SAUYI: MAGANAR SARƘAR BABUR A ƘASAR BURUMBURUM

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, duk wanda ya san ƙasar Burumburum, inda tarihi ya ce aka kashe Sarkin Kano Alwali zamanin jihadi, ya san babur ya gaji jaki a can. Daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, har Doguwa ta cikin dajin Falgore, shi ke fid da buhun masara da na shinkafa bakin titi, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai malami wurin ɗaurin aure. A shekarar 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa cikin birni, amma ƙauye bai rabu da babur ba, gama ba shi da madadinsa.

To, ran 29 ga Mayu 1444 ta hijira tana gab da ƙarewa, watau 2023 ta miladiyya, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuwa ta zarce 1,000. A watan Yuni 2023 aka saki darajar naira, dalar da ta ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Baburan nan kuwa, Bajaj daga Indiya ta ke, saura galibi daga Sin, kayan gyaransu da dala a ke sayo su kafin su biyo ta hannun dillalan Legas da Nnewi da Kano. Saboda haka abin da a da a kan sauya ba shawara, ya zama sai an yi tunani: a gyara, ko a sayi sabo?

Abin da ke kai ƙarfin inji ga ƙafar baya galibi iri biyu ne. Na farko bel, irin na ƙananan babura marasa giya, waɗanda a ke murɗa wa totur su tafi. Baburan farko na Turai da bel na fata su ke tafiya, shi kuwa ya kan ɗinku in ya tsinke. Na zamani roba ne a waje, ƙarfinsa yana ga waɗansu zaruruwa masu tsauri da aka binne a ciki. In suka yanke, babu gam ko ɗinkin da zai maishe su. Bel ɗin injin niƙa in an haɗa shi ya sake tsinkewa, gari kaɗai ke jira. Na babur in ya tsinke, mutum ne a kai. Hukuncinsa ɗaya ne: in ya tsattsage, ko gefensa ya zare, ko ya sirance, sai sauyi.

Na biyu sarƙa, wadda makanikai ke kira cen, ita ce a jikin yawancin baburan ƙauye. Ita tana karɓar gyara, amma da iyaka. In ta yi sako-sako, a ja ƙafar baya har motsinta sama da ƙasa ya tsaya wajen faɗin yatsa biyu. In ta bushe, a wanke ta da kananzir a sa mata mai. In mahaɗinta ne ya ɓalle alhali sauran lafiya, a sa sabon mahaɗi. Wannan duka gyara ne na hankali.

Inda a ke ruɗuwa shi ne ranar da wurin ja ya ƙare, makanike ya ce a cire gaɓa ɗaya ko biyu a gajarta ta. Sarƙa ba miƙewa ta ke yi kamar roba ba. Ƙusoshin da ke tsakanin gaɓoɓinta ne ke cinyewa, ƙurar hunturu in ta gauraya da mai tana goge su kamar magagari. Cire gaɓa yana rage tsawo, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Irin wannan sarƙa ba ta zama daidai a kan faifai mai haƙora, na jikin inji da na ƙafar baya, sai ta riƙa cin haƙoran har su yi tsini su karkace. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a kama sarƙa a bayan babban faifai a ja, in ta ɗaga har rabin haƙori ya bayyana, kwananta ya ƙare. Sa'an nan sai a sauya su ukun tare, domin tsofaffin haƙora su kan kashe sabuwar sarƙa da wuri. Araha ba ta ado.

Mai babur yana da hujjarsa, ba kuwa ta banza ba: kuɗin yau na cefanen yau ne. Amma a ɗora lissafi a mizani. Sarƙar da ta tsinke a guje tana iya fasa jikin inji, ko ta naɗe ta ƙame ƙafar baya, ga buhu biyu a baya ko mace da goyo. In a tsakiyar Falgore ne da almuru, babu makanike kusa. Dabarar ɗan kasuwa ita ce a riƙa ware 'yan kuɗi kowace ranar kasuwa domin wannan sauyi, tun da an san yana tafe, a kuma bar murfin sarƙa a wurinsa don tare ƙura.

Malamai kuma suna da abin faɗa. Fiƙihun Malikiyya, tun daga Risala, ya haramta algus da ɓoye aibi cikin ciniki, mai saye kuwa yana da zaɓin mayar da kaya in aibin ya bayyana. Wanda ya gajarta mataccen cen, ya shafe shi da mai, ya kai babur kasuwa bai faɗa ba, ya shiga wannan babi. Haka wanda ya sayar da jabu da sunan na kamfani, da makaniken da ya san gyara ba zai riƙe ba ya yi shiru don kuɗin aiki. Mai ɗaukar fasinja kuwa rai aka ba shi amana. Gaskiya ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma riƙo da sababi ba ya warware tawakkali.

Allah ya tsare matafiya, ya sa albarka cikin nema, amin.