Har Yaushe Matan Talakawa Za Su Jira Takardar Zuwa Wurin Mazajensu?

'Yan'uwa talakawa maza da mata, da ku 'yan kasuwar Dutse da Shuwarin da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, a wannan mako za mu ta da wata magana wadda ke cin gidaje da yawa a ƙasarmu, amma ba mu ji an ta da ita a Majalisa ba. Watau maganar matan da mazajensu suka tafi wata ƙasa neman abinci, suka cika takardu domin a ba iyalinsu izinin zuwa su zauna tare, ga shi damina ta wuce, wata ta sake zuwa, takarda ba ta fito ba.

Ba sai mun gaya muku abin da ke korar samarinmu ba. Yaro ya gama makaranta ya rasa aiki, ko ya sami aikin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Wani ya nufi Saudiyya ya zama direba ko tela ko mai tsaron shago. Wanda ya yi karatun jinya ko likita ya nufi Ingila. Kaɗan sun kai Amurka. Galibinsu kuwa da aure suka tafi, ko kuma suka dawo hutu aka ɗaura, suka ce wa amarya ta yi haƙuri wata shida, takarda na nan tafe.

To, bari mu bayyana yadda abin yake, gama mutane da yawa suna tsammani miji kuɗin jirgi kawai zai aiko. Ba haka ba ne. Mijin ne zai tsaya gaban hukumar ƙasar da yake, ya nuna yana da izinin zama, yana da ɗakin da zai ajiye mace, abin da yake samu kuma ya kai adadin da suka yanka. Ita kuma matar a nan tilas ta yi fasfo, ta kawo shaidar aure a rubuce, a gwada lafiyarta, a ɗauki hoton yatsunta. Wadda za ta Ingila sai ta ci jarrabawar Turanci in mijin ya riga ya zama ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin, a kuma duba ta ko tana da tarin fuka. Wadda za ta Amurka sai ta dangana da Legas, don a can ake ganawa da masu neman bizar zama. Ku duba fa, yarinyar da iyakar tafiyarta Kano, yau an ce ta tafi Legas, da muharrami, da kuɗin mota, da na masauki.

Kuɗin nan duka daga ina suke fitowa? Daga kasuwa. Uba ya sayar da sa, wa ya fid da riɗin da ya ɓoye don ya jira tsada, uwa ta kwashe adashinta, wani ya jinginar da dabinonsa tun bai nuna ba. Gwamnatin Tarayya kuwa, maimakon ta rage wa mai kaya nauyi, sai ta ɗora masa tubali. Ƙaramin fasfo na shekara biyar ya tashi daga naira 35,000 zuwa 50,000 a watan Satumba na 2024, shekara guda bayan haka, a Satumba na 2025, aka mai da shi naira 100,000. Mafi ƙanƙantar albashin da aka amince da shi a 2024 kuwa naira 70,000 ne. Watau ɗan littafin nan ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Sa'an nan kuɗin biza da fam da dala ake biya, kun kuwa san abin da ya sami naira tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023: dalar da Gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta haye 1,500 a farkon 2024.

Duk wannan talaka zai iya jurewa, gama ya saba. Abin da ba ya juruwa shi ne a sauya ƙa'ida mutum yana tsakiyar kogi.

Mu fara da Saudiyya, tunda can mutanenmu suka fi yawa. Tun asali ba kowane mai igama ake bari ya kawo iyali ba, sai an duba sana'ar da aka rubuta a takardarsa, lebura da mai aikin gida ba sa ciki. Waɗanda suka cancanta kuma, a watan Yuli na 2017 aka sa musu haraji na riyal 100 kowane wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsu. Kowace shekara aka riƙa ƙara ɗari, har ya kai riyal 400 a Yuli na 2020. Ku yi lissafi da kanku. Mai mace ɗaya da 'ya'ya uku, riyal 1,600 ke nan duk wata, bai biya haya ba, bai sayi shinkafa ba. Abin da ya biyo baya shi ne wanda ya riga ya kai iyali ya mai da su gida, wanda yake shirin kaiwa kuma ya naɗe takardunsa ya sa ƙarƙashin katifa.

Ingila kuwa a 2024 ƙofofi uku ta tura cikin wata huɗu. Daga 1 ga Janairu yawancin ɗalibai ba su da ikon zuwa da iyali. Daga 11 ga Maris sababbin masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya su ma aka hana su. Ran 11 ga Afrilu aka ɗaga abin da ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin zai riƙa samu a shekara kafin ya kawo matarsa, daga fam 18,600 zuwa fam 29,000. Gaskiya ne wanda ya riga ya shigar da takardarsa an bi masa tsohuwar ƙa'ida, ba za mu yi musu ƙarya ba. Amma wanda ya yi shekara biyu yana tari, saura ƙiris ya cika, shi fa? Ya wayi gari an matsar da bakin rijiya. A watan Mayu na 2025 kuma Gwamnatinsu ta bayyana niyyarta ta mai da jiran zaman dindindin shekara goma maimakon biyar ga yawancin ma'aikata baƙi.

Ta Amurka ta fi muni, don ita a kan layi ta tarar da mutane. Ran 31 ga Janairu na 2020 Shugaba Trump ya dakatar da ba 'yan Nijeriya bizar zama, har da matan da mazajensu suka gama biyan komai. Shugaba Biden ya soke wannan ran 20 ga Janairu na 2021. A watan Disamba na 2025 Trump ya sake sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga. Auren mutum ya koma abin da ke jiran sakamakon zaɓen wata ƙasa wadda bai taɓa jefa ƙuri'a a cikinta ba.

Masu sauya dokokin nan lambobi suke gani a takarda. Mu kuwa mutane muke gani a unguwa. Mun san macen da ke zaune ita ba a ɗakinta ba, ita ba bazawara ba. In ta zauna gidan surukai, yau da gobe sai an ga laifinta. In ta koma gidan ubanta, a ce ta yi yaji. In ta fita biki a yi da ita, in ta ƙi fita a ce girman kai, wai don miji yana Turai. Yaro ya yi wayo bai san ubansa ba sai a cikin waya. Ƙarshenta wasu sai gaban alƙali, ana neman a raba auren da babu wanda ya ƙi wani a cikinsa. Shi ma mijin can ba barci yake ba, yana aiki dare da rana, dangin mace suna cewa ya yaudare su. Addininmu bai ɗauki wannan wasa ba. Malamai sun ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya sa iyaka ga watannin da mayaƙi zai yi nesa da matarsa. In har jihadi bai zama hujjar barin mace shekaru ba, ina ga takardar ofis?

Inda kuma aka yi jira mai tsawo, nan ungulu ke sauka. Sai ka ga wani ya zo da jaka da katin suna, wai shi ejan ne, ya san wani a ofishin jakadanci, a kawo kaza takarda ta fito kafin salla. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. A biya, ya kashe waya. Wani ma ya fi haka sharri, ya haɗa takardun jabu, a kama, a hana yarinya biza shekaru, ita kuwa ko karanta abin da aka sa ta dangwala ba ta yi ba.

Za a ce mana, to ina ruwan Gwamnatin Nijeriya, ai kowace ƙasa da ikon ƙofarta. Haka ne. Amma da wane baki mahukuntanmu za su yi wa wasu ƙorafi, alhali irin abin nan yana rubuce cikin tsarin mulkinmu? Sashe na 26 na tsarin mulkin 1999 ya ce macen wata ƙasa da ta auri ɗan Nijeriya tana iya neman a yi mata rajista ta zama 'yar ƙasa. Namijin wata ƙasa da ya auri 'yarmu kuwa ba shi da wannan hanya, sai ya bi ta sashe na 27, wanda ke neman zaman shekara goma sha biyar. Ran 1 ga Maris na 2022 aka kawo gyaran wannan gaban Majalisar Tarayya, aka kayar da shi. Mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar Majalisa a Abuja, aka yi musu alkawarin sake dubawa, har wa'adin waccan Majalisa ya ƙare a 2023 ba a gyara ba.

Kada wani ya ce wannan matsalar 'yan boko ce masu auren Turawa. Mu a Jigawa iyakarmu ɗaya da Nijar. Duk wanda ke cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san yawan auratayyar da ke tsakaninmu da mutanen Magarya da Dungas da Damagaram tun kafin Bature ya ja layi. Abin da ya rufa wa waɗannan aure asiri shi ne yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar ikon shiga wata ba biza har kwana 90, daga baya aka ƙara da ikon zama. Mun ga yadda aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe Maigatari ba sai Disamba na 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, har Maris na 2024. Mace ta tafi wankan jego gidan iyayenta, dawowa ta zama sai ta barauniyar hanya. Ran 29 ga Janairu na 2025 kuma Nijar ta fita daga ECOWAS ɗungum. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun mutanen Nijar har sai an sake ba da sanarwa. To, gidan da aka gina a kan "har sai an sake ba da sanarwa", mai shi zai yi barci da ido biyu rufe?

Ba tsoron banza muke ba ku ba. Dattawan kasuwa suna tune da 1969, sa'ad da Gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, Hausawan zango suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka, wasu suka baro mata da 'ya'ya. A 1983 mu ma muka yi wa wasu haka.

Saboda haka muna kira ga sanatocin Jigawa uku da wakilanta goma sha ɗaya a Majalisar Wakilai, su fito su gaya wa waɗanda suka zaɓe su matsayinsu a kan gyaran sashe na 26, a ba mijin 'yarmu abin da aka ba matar ɗanmu. Muna kira ga Gwamnatin Tarayya ta yi amfani da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971, a rubuta yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu cewa ko me ya faru tsakanin shugabanni, ba za a raba miji da mata a bakin iyaka ba. Kuma in Ministan Harkokin Waje zai zauna da jakadun ƙasashen nan, kada ya tsaya kan bizar manyan mutane kaɗai. Ya nemi abu biyu: a faɗi wa'adin da za a ba mai nema amsa, wanda kuma ya riga ya biya a bi masa ƙa'idar ranar da ya biya.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar Abuja. Aurenmu a ƙofar gida ko masallaci ake ɗaura shi, da waliyyi da shaidu da sadaki, ya kuwa cika aure. Amma ofishin jakadanci takarda yake nema, nan ne kuma mutane da yawa ke fara tuntuɓe. Me zai hana Majalisar Dokoki ta Dutse ta sa kowace ƙaramar hukuma cikin 27 ta riƙa ba da shaidar aure a kan kuɗi kaɗan sananne, a manna shi a bango, kowa ya gani? Me zai hana gidan rediyon jiha ya keɓe rabin sa'a a mako, a karanta sababbin ƙa'idodin Saudiyya da Ingila da Amurka da Hausa, tun kafin mutum ya sayar da sansa? Ana samun lokacin yabon masu mulki safe da yamma, wannan ma a samu.

Ku kuma 'yan'uwa, kada ku ba kowa kuɗin biza hannu da hannu ba rasit. Kada mace ta dangwala yatsa a takardar da ba a karanta mata ba. Iyaye kuma, in mai neman 'yarku mazaunin waje ne, ku tambaye shi irin izinin zaman da yake da shi, da ko ya halatta masa kawo iyali, tun kafin a sa rana. Ba rashin kunya ba ne.

Muna roƙon sakatarorin rassanmu da shugabannin mata na kowace gunduma su ƙidaya mana matan da ke cikin wannan jira, da ƙasar da miji yake, da tsawon lokacin da aka yi. Ba ma son suna, adadi kawai. A kawo ofishin jam'iyya na Dutse kafin ƙarshen wata mai zuwa, domin da shi za mu rubuta takardar koke zuwa ga wakilanmu, kuma za mu buga amsar kowannensu a wannan shafi, da sunan wanda ya yi shiru.