Ciwon Gado Ba Laifin Uwa Ba Ne

'Yan'uwana matan Zuru, a bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka mai tsare gishirin jiki da ƙarfinsa. Akan haifi jariri tasa ba ta aiki sosai. A mako na biyu ko na uku sai amai, da ƙin mama, da rama. In mace ce, gabanta kan yi kama da na namiji.

Kada kunya ta sa ku ɓoye. Ba iska ba ce, gado ne daga uwa da uba duka. Tun 1950 likitoci ke maganinsa da kotizon. Ku hanzarta zuwa asibiti, ko da za a tura ku Sakkwato. Maganin na kullum ne, ba a fashi. In zazzaɓi ya zo, likita kan ƙara shi. Da kulawa yaro zai girma, ya shiga makaranta.