PlayStation ko kwamfuta: lissafin mutumin Adar daban ne

Makon jiya ɗan ƙanwata da ke bida a Abijan ya kira ni da daddare. Bayan mun gaisa ya ce, "Kawu, na ɗan tara wani abu, ina so in aiko wa ƙannena da PlayStation 5. Amma wani abokina ya ce kwamfuta ta fi. Me ka gani?" Na ce ya ba ni kwana biyu. Amsar da na ba shi ita zan shimfiɗa a nan, domin da wuya ka shiga unguwa a Kalfu, nan Adar, ba ka tarar da gidan da ke da ɗa a Kodebuwa, Libiya ko Aljeriya ba, kuma kowannensu yana tunanin tsarabar da za ta faranta ran na gida.

Turawa sun daɗe suna wannan gardama, kuma a wajensu mai goyon bayan PlayStation yana da hujja. Kwamfutar da za ta fitar da hoto mai kyau irin na PS5 ta fi PS5 ɗin tsada. Ban musa ba. Sai dai su suna lissafi ne a ƙasar da wuta ba ta yankewa, intanet kuma kamar ruwan famfo.

Mu fara da kuɗi. Kamfanin Sony ya fitar da PS5 a watan Nuwamban 2020 a kan Yuro 499, a 2022 ya ƙara ta koma 549, wato kimanin jaka 360 na sefa tun ba a yi maganar mota da kwastan ba. Sabon wasa guda ɗaya yakan kai Yuro 70, kusan jaka 46. Albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jaka 42 ne. Faifan ƙwallo ɗaya ya haura guminka na wata, kuma baɗi za a fitar da sabo, yara su ce na bara ya tsufa.

Sai wuta, wadda ita ce uwar zancen. Ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse mana lantarki, garuruwa suka koma jiran rabo. PS5 tana jan wajen wat 200, ga talabijin a kai, kuma da zarar an ɗauke wuta wasa ya mutu nan take. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da batirinta, ƙaramin faifan sola ma yana cika ta. A watan Afrilu, idan zafi ya wuce digiri 40 a Tawa, ga ƙurar da hunturu ya bari a cikin fankar na'ura, lalacewa ba ta da nisa. Mai gyaran kwamfuta za ka same shi a cikin gari. PS5 kuwa sau da yawa sai ta yi tafiya Yamai ko Sakkwato, ka zauna kana jiran labari. Ga kuma sabunta wasa da ke cin gigabait goma-goma, alhali yaro da ƙyar yake sayen intanet na kwana ɗaya a salularsa.

Amma kada a ce na raina PlayStation. Wanda ya san ɗakunan wasa na Tawa ya san darajarta: benci biyu, talabijin, labule a ƙofa, samari sun cika suna jiran layi, wannan ya ɗauki Real Madrid wancan ya ɗauki Barcelona, kowa ya ajiye 'yan dalolinsa kafin a busa. A nan na'urar jari ce. Ba ta buƙatar gwani, ba ta kamuwa da cutar kwamfuta, ka kunna ka miƙa abin riƙewa biyu, kuɗi ya shigo. Kuma masu wannan sana'a sun fi kowa wayo, ba sabuwa suke saye ba. PS2 da ta fito tun 2000, wadda aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, ta ciyar da gidaje da dama, PS4 ta 2013 kuma yanzu ake samun ta hannu a farashin da talaka zai iya. Saurayin da ya dawo daga bida yana neman abin yi, in ya tambaye ni zan ce ya sayi PS4 biyu da sola, ya kama shago.

Gida kuwa ba shago ba ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, PlayStation in ta shiga gida ta maza ce, a ɗakin samari za ta ƙare. Kwamfuta kowa yana da rabo a cikinta. Ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani nawa ne ke biyan kuɗi shafi-shafi a buga musu aikin kammala karatu don ba su taɓa zama gaban allon rubutun kwamfuta ba? Yarinyar da ta koyi bugu da lissafin Excel tana da shekara goma sha biyar ta riga ta sami sana'a a hannu. Da yamma kuma ƙannenta su jona abin riƙewa su buga tsohuwar PES ta ƙwallo, wadda ba ta buƙatar na'ura mai ƙarfi. Hoton ba zai kai na PS5 ba, gaskiya ne, amma ihun cin ƙwallo ɗaya ne.

Da ɗan ƙanwata ya sake kira na ce masa, "Ɗana, nemi kwamfuta ta hannu mai lafiyayyen batiri, ka haɗa da abin riƙewa biyu, ragowar kuɗin ka aiko a sayi faifan sola." Ya yi shiru, ya ce yaran PS5 suka sa wa rai. Na ce ya bar ni da su. Sharaɗi ɗaya na gindaya: ƙanwarsa da za ta zauna jarrabawar bak bana, a hannunta za a ajiye kwamfutar.