Laushin Sifirin Ba Shi Ne Jin Daɗi Ba

A shekarar 1959 kamfanin Bombardier na Kanada ya fito da Ski-Doo, babur mai sulu a kan dusar ƙanƙara, wanda makiyayan Sami na arewacin Finlan suka runguma daga baya. Sabon mahayi yakan sassauta sifirin matuƙa, wai don ya sami laushi. Wannan kuskure ne. Da ya faɗa rami sai sifirin ya matse har ƙarshe, bugun ya zarce zuwa ƙashin bayansa, guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓi ya sha wahala. Haka kuma idan bayan babur ya nutse, gaba yakan yi sama, juya kai ya yi wuya. Kamata ya yi a ɗaure sifirin gwargwadon nauyin mahayi da kayansa.