Kafin ka ce masa dabba: zare kan siffar Allah a jikin mutum

1/ Makon jiya aka turo wani bidiyo a gurup ɗinmu na zumuntar matasa. Yaro ne aka kama da wayar sata a kasuwa, an tuɓe shi, ana ta jibga. Ban iya kallo har ƙarshe ba. Amma abin da ya hana ni barci shi ne abin da wani ɗan'uwa ya rubuta a ƙasa: "Ku ƙara masa, ai wannan dabba ne." Zare ne, ku yi haƙuri da tsawonsa.

2/ Shi wannan ɗan'uwan, wata biyu da suka wuce mun raba dare muna musu da shi. A kan me? A kan cewa shi ba jikan biri ba ne, Allah ne ya yi shi cikin siffarsa. Ya yi ta jero ayoyi har data ta ƙare masa. To na yarda, an yi ka cikin siffar Allah. Yaron kasuwa fa, wa ya yi shi?

3/ Ni Kirista ne, da Hausa aka yi mini makarantar Lahadi, kuma na yarda da wannan koyarwa ɗari bisa ɗari. Damuwata ita ce yadda muka mayar da ita sandar dukan malaman kimiyya, alhali aikinta na farko shi ne ta riƙe hannunmu da bakinmu daga taɓa ɗan Adam.

4/ Abokaina Musulmi, na san da jin "siffar Allah" gaban wasunku ya faɗi. Ku tsaya tukuna. Ba muna cewa Allah yana da hanci da gwiwa irin namu ba ne. A koyarwarmu Allah ruhu ne, ba a ganinsa, kuma Dokoki Goma sun hana a sassaƙa wani abu a yi masa sujada. Maganar a wani wuri take, zan zo kanta.

5/ Tushen maganar yana Farawa 1:26-27. A taƙaice, da bakina: Allah ya yi mutum cikin siffarsa da kamanninsa, mace da namiji, ya damƙa musu kula da duniya. Sura ta 2 ta ƙara da cewa daga ƙurar ƙasa aka gina shi, aka hura masa numfashi. A Ibrananci mutum "adam" ne, ƙasa kuma "adama". Sunan ma kansa tuni ne: kai na ƙasa ne, malam.

6/ Kalmomin da aka fassara mana da siffa da kamanni su ne "tselem" da "demut". Ita tselem kalma ce da ake kiran mutum-mutumi da ita, irin wanda ake sassaƙawa. Sarakunan wancan zamani kan kafa mutum-mutuminsu a gari, don duk wanda ya wuce ya san mai ƙasar.

7/ A 1979 an tono wani irin wannan a Tel Fekeriya, arewa maso gabashin Siriya. Na wani mai mulki ne na ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu. Rubutun Aramiyanci da ke jikinsa ya kira shi da waɗannan kalmomi biyu, siffa da kamanni. Ranar da na fara karanta wannan sai da na ajiye wayar na yi shiru.

8/ Ga inda abin yake da daɗi. A wancan lokacin sarki ne ake wa kirari da siffar allahnsa. Fir'auna Tutankamun, ma'anar sunansa ke nan: siffar Amun mai rai. Talaka kuwa? A tsohon labarin Babila na Atrahasis, an yi mutane ne don su ɗauke wa alloli wahalar haƙar magudanan ruwa. Lebura ke nan tun daga halitta.

9/ Sai Farawa ta ɗauki kirarin sarki ta raba wa kowa. Kamar a ce an kwance rawanin fada an naɗa wa mai ga-ruwa, da mai shara, da 'yar aikin gidanku da ke cin ragowar tuwo a bayan kicin. Kuma ku lura, a cikin ayar aka ambaci mace. Ba a ce ta jira ta samu ta hannun miji ba.

10/ Yanzu, mene ne ainihin siffar? Malaman tauhidi sun daɗe suna kai da kawo. Su Agustin da Toma Akwinas sun fi karkata ga hankali. Wasu na baya-bayan nan sun ce zumunci ne, iya ƙauna da amsa kira. Wasu suka ce wakilci ne, an kafa ka a duniya ka tsaya a madadin Mai ita. Ni na fi jin na ƙarshen.

11/ Dalilina na gida ne. Muna da ɗan ƙanwar mahaifiyata, ya haura shekara 20, bai taɓa furta kalma ba. Ba ya iya wanka da kansa. Idan siffar Allah kaifin basira ce, to shi nasa kason kaɗan ne ke nan, farfesa kuma ya fi shi zama mutum? Ban yarda ba. Nassin bai ɗora sharaɗi ba. Bai ce sai mai digiri, ko mai lafiya, ko mai hali nagari ba.

12/ Na taɓa jin wata baƙuwa ta tambayi innar tamu ko ba ta gajiya da "wannan abin". Inna ta ce mata, "Sunansa ba abu ba ne," ta ci gaba da ba shi kunu. Ban taɓa jin wa'azi a kan Farawa 1 da ya kai wannan ba.

13/ Wani zai ce: ai zunubi ya goge siffar, ɓarawo ya zubar da tasa. To mu duba. Farawa 9:6 ta zo ne bayan faɗuwar Adamu, bayan Kayinu ya kashe ƙaninsa, bayan ruwan tsufana. A nan ne aka haramta zub da jinin mutum, kuma dalilin da aka bayar shi ne an yi shi cikin siffar Allah. Wato ta gurɓace, amma tana nan.

14/ Kayinu ma fa, mai kisan kai na farko, Allah ya hukunta shi amma ya sa masa alama don kada wani ya tare shi a hanya ya kashe shi. Ku karanta Farawa 4, yana nan. Mai kisa aka kare daga hannun taron hanya. Mu kuma a kan waya muke neman taya da fetur.

15/ Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce a bar ɓarawo ya tafi ba. Ita ayar 9:6 ɗin ma hukunci mai tsanani ta yanke wa mai kisa. Kuma na san abin da ke tunzura mutane: ka kai ɓarawo ofishin 'yan sanda, ya riga ka dawowa unguwa. Haushin gaskiya ne. Sai dai haushi ba ya mayar da mutum akuya.

16/ Wasiƙar Yakubu 3:9 kamar don masu waya aka rubuta ta. Tana mamakin yadda da harshe ɗaya muke yabon Allah, da shi kuma muke zagin mutanen da aka yi cikin kamanninsa. Yau babban yatsa ne harshen. Da shi kake tura ayar safe, da shi kake rubuta "ƙwari ne, a fesa musu magani".

17/ To batun biri fa? Bari in taɓa shi, don na san shi wasu ke jira. Da farko, masana ba su ce birin da ke cin gyaɗarka ne ya haife ka ba. Cewa suka yi akwai kakan da aka haɗa can da nisa. A 2001 an gano ƙoƙon kan Tumai a hamadar Jurab ta Chadi, an ƙiyasta masa shekara kusan miliyan 7. A Jebel Irhud ta Maroko kuma akwai ƙasusuwan irinmu na kusan shekara 300,000.

18/ Kiristoci ba baki ɗaya suke a kan wannan ba. Babana har gobe kwana shida ne, na awa 24, kuma ina girmama shi. Amma ku sani, shekarar 4004 kafin Almasihu da wasu ke riƙewa a matsayin farkon duniya lissafin wani bishop ne na Ailan, James Ussher, a 1650. Ba aya ba ce.

19/ A ɗaya gefen, Paparoma Pius na 12 ya ce a 1950 ana iya binciken asalin jikin mutum ta hanyar kimiyya, muddin an riƙe cewa Allah ne ke halittar rai. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam da aka kammala a 2003, Kirista ne mai bi, kuma bai ga karo tsakanin biyun ba.

20/ Tun kafin su, Agustin, ɗan Afirka ta Arewa da ya yi bishop a Hippo, inda Annaba ta Aljeriya take yau, ya gargaɗi Kiristoci kada su riƙa sakin baki kan al'amuran sama da ƙasa da sunan Nassi, har wanda ya san abin ya yi musu dariya ya raina littafin gaba ɗaya. Shekara 1,600 ke nan, kamar ya ga gurup ɗinmu.

21/ Ni dai ga inda na tsaya: wanda aka gaya wa daga ƙura aka yi shi, ban ga abin da zai ɓata masa rai don an ce yana da dangi a cikin halittu ba. Ƙura ta fi biri daraja ne? Darajar daga wanda ya hura numfashin take. Idan ba ka yarda da ni ba, ba komai, za mu ci gaba da zama a benci ɗaya ranar Lahadi.

22/ Abin da ba zan sassauta a kai ba shi ne dangantakar. Ayyukan Manzanni 17:26 ta ce daga tushe ɗaya aka fitar da dukan al'ummai. Masu binciken gado kuma suka ce ni da kai, ko daga ina ka fito, mun yi daidai a kusan kashi 99.9 cikin 100. Nan kam fasto da likita sun haɗu.

23/ Kuma kada mu yi fankama, mu Kiristoci mun sha take wannan koyarwa da ƙafarmu. An yi ɗaruruwan shekaru ana cewa baƙar fata la'anar Ham ce, don a halatta cinikin bayi. Buɗe Farawa 9 ka gani, Kan'ana aka la'anta, kuma ba a ambaci launin fatar kowa ba. A Afirka ta Kudu ma akwai cocin da ya nemo wa wariyar launin fata ayoyi.

24/ Ruwanda ce ta fi ba ni tsoro. Ƙasa ce da mafi yawan mutanenta Kiristoci ne. A 1994, cikin kwana kusan 100, an kashe mutum wajen 800,000. Kafin adda ta fara aiki, rediyo ya daɗe yana kiran 'yan Tutsi kyankyasai. An yanka dubbai a cikin majami'u, irin na Ntarama da Nyamata, inda suka gudu neman tsira. Masu addar da yawa an yi musu baftisma.

25/ Akwai kuma waɗanda suka riƙe ta da gaske. Giregori na Nisa, a ƙarni na 4, lokacin da mallakar bawa ba abin kunya ba ne ga kowa, ya tsaya a wa'azi yana tambayar masu bayi nawa suka biya suka sayi siffar Allah, kuma wa ya sayar musu.

26/ Yanzu in faɗi nawa laifin, don kada ku ɗauka daga kan mumbari nake magana. Shekarun baya an kai hari wani ƙauye kusa da namu da dare. Na san wasu daga cikin waɗanda aka binne. Da safe na hau Facebook na rubuta: "Waɗannan ba mutane ba ne, namun daji ne." Aka yi ta danna mini so, ina jin daɗi.

27/ Ƙanwata ta karanta wa Mama. Da yamma ta kira ni ta ce, "Kai, zo nan. In namun daji ne, wa Allah zai tambaya jinin nan? Ka taɓa ganin an kai kura kotu?" Na ce, "Mama, ba ki ga abin da suka yi ba ne." Ta ce, "Na gani. Don mutane ne shi ya sa abin ya zama zunubi."

28/ Na daɗe ina juya maganar nan. Duk wanda ka kira dabba, ka sauke masa alhaki ke nan ba ka sani ba. Kura ba ta tuba, ba a kuma neman ta da bayani ranar shari'a. Wanda za a tsayar a tambaya shi ne wanda aka ba amana ya ci.

29/ Ga wani abin kuma da na gani a ƙarƙashin rubutun nawa. Ni maharan nake nufi. Kafin dare, masu sharhi sun faɗaɗa "su" ɗin ta haɗiye ƙabila guda, har da matar da ta shekara goma tana kawo mana nono ƙofar gida, wadda Mama ke ajiye wa tsofaffin zannuwa. Ni na buɗe ƙofar. Na goge rubutun, amma an riga an ɗauki hotonsa.

30/ 'Yan'uwa Musulmi da suka biyo ni har nan, na gode. Na san a wajenku ana maganar karramawar da Allah ya yi wa 'ya'yan Adamu, da sanya mutum halifa a bayan ƙasa. Ba abu ɗaya muke faɗa ba, kada mu yi wa juna ƙarya. Amma ban ga ta inda ɗayanmu zai samu izinin kiran ɗan wani ƙwaro ba, ko bayan Juma'a ko bayan sujadar Lahadi.

31/ Shi ɗan'uwan namu na gurup, ban yi masa magana a gaban mutane ba, na bi shi ta akwatin saƙo. Na ce, "Ɗan'uwa, kai da ka hana mu barci kan siffar Allah?" Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce an taɓa fizge masa waya a tasha, a ciki akwai saƙonnin murya na ƙarshe da mahaifiyarsa ta turo masa kafin ta rasu. Ban san da wannan ba sai ranar. Na ba shi haƙuri, muka jima muna hira.

32/ Ya goge sharhin nasa da kansa, ban ce ya goge ba. Bidiyon dai yana nan yana yawo. Jiya ma na gan shi a gurup ɗin 'yan ajinmu na sakandare, da sababbin sharhi 14 a ƙasa.