Hanyar kayan Nijar ta sauya, horon direbobi da yaran mota bai bi ta ba

Tun bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023 da rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kayan Nijar da a da mafi yawansu ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka koma Lome. CEDEAO ta ɗage takunkuminta a watan Fabrairun 2024, amma Yamai ta ci gaba da rufe nata ɓangaren iyakar da Benin. Manyan motoci kan ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, cikin ayari, da rakiyar sojoji. An yi ta magana a kan tsadar kaya da jinkirin isowarsu. Maganar da ba a cika yi ba ita ce ta mutanen da ke ɗauke da wannan nauyi: direba, yaron mota, ɗan dako da mai fiton kaya.

Akasarin direbobin manyan motoci a Nijar, Cadi da arewacin Kamaru a bayan mota suka koyi aiki. Yaro kan yi shekaru yana ɗaure tamfol, yana canza taya, yana kwana a ƙarƙashin mota, kafin maigidansa ya miƙa masa sitiyari. Wannan makaranta ta fitar da gwanaye, sai dai abin da maigida ya sani kaɗai take koyarwa, kuma aikin yau ya wuce nan.

Na farko, takardu sun koma kwamfuta. Hukumomin duwan na yankin suna aiki da manhajar SYDONIA, sannan tsarin SIGMAT da aka ƙaddamar a 2019 yana aika bayanan kaya daga wata ƙasa zuwa wata kafin mota ta iso. Duk da Faransanci ake cike su. Direban da bai iya karanta takardar da ke hannunsa ba, bai san ko kuskure aka yi a lambar mota ko a nauyin kaya ba sai an tsare shi a iyaka, kuma kowane kwana na jira kuɗi ne da a ƙarshe mai sayen shinkafa a Maraɗi ko Damagaram zai biya.

Na biyu, lodi. Tun 2005 ƙungiyar UEMOA ta kafa doka mai lamba 14 da ta ƙayyade nauyin da kowace mota za ta ɗauka, amma an sha ɗage aiwatar da ita. Ɗan dakon da ya san yadda ake rarraba nauyi a kan ƙafafun mota yana kare hanya, yana kuma kare rai. Batun tankokin mai ya fi haka tsanani. A watan Mayun 2019 wata tanka ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a suka taru ɗibar mai, ta kama da wuta, mutum fiye da 50 suka rasu. Abin da ya kamata direba da yaronsa su yi a mintocin farko bayan irin wannan haɗari abu ne da ake koyarwa.

Na uku, tsaro. A watan Janairun 2025 an sace direbobi huɗu ƴan Maroko tsakanin Dori da Tera, ba a sako su ba sai a watan Agusta. Daga watan Satumban 2025 kuma ƴan bindigar JNIM suka shiga ƙona tankokin mai a hanyoyin Mali. Ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayo goro yana da madugu da jagaba, kowa ya san matsayinsa. Tafiyar ayarin yau ma tana da ƙa'idoji: tazara tsakanin motoci, abin yi idan mota ta lalace, da agajin farko ga wanda ya ji rauni.

Dalilin rashin horon a tsarin sana'ar yake. Masu motoci da yawa ɗaya ko biyu gare su, direba ba shi da rubutacciyar yarjejeniya, kuma ranar da ya zauna a aji rana ce da mota ba ta kawo komai ba. A hanyar Duwala zuwa Injamena, inda ake raba kaya kashi 65 cikin 100 ga motocin Cadi, 35 ga na Kamaru, ƙasar mota da layin jira ne ke ba da lodi. Mai motar da ya kashe kuɗi a kan direbansa bai samu wani fifiko ba.

Hukumomin da za su iya ɗaukar aikin suna nan. A Nijar akwai asusun FAFPA na koyar da sana'o'i, da CNUT mai kula da masu shigo da kaya, da ANISER ta kiyaye haɗurra. Maroko ta wajabta katin ƙwarewa da sabunta horo ga direbobin haya tun dokar hanyarta ta 2010. Sai dai kwaikwayon wannan kai tsaye yana da haɗari. Idan jarrabawar rubutu da Faransanci ce, za ta kori tsofaffin direbobin da suka fi kowa sanin hanya, katin kuma ya zama sabon abin tambaya a shingayen hanya.

Abin da ya fi dacewa da yankin shi ne a gwada mutum a kan mota, a lissafa shekarunsa na yaron mota, a kuma yi darasi da Hausa, Zabarmanci da Fulatanci a wuraren da motoci ke shafe kwanaki suna jiran rakiya. Sannan takardar ta yi aiki a ƙetaren iyaka. Nijar, Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025, amma kayan Nijar ta Togo suke shigowa, don haka shaidar da Yamai ta bayar sai Wagadugu da Lome sun amince da ita kafin ta amfani direban da ke kan hanya.