Arhar jirgi da tarar lakkol: yadda iyayen Turai ke satar hutu

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A ƙasar Ingila kuwa, uban da ya ɗauki wannan karin magana da gaske, ya fidda ɗansa daga aji kwana biyar don su je buɗe ido, takardar tara ce ke jiran shi in ya komo. Tun daga watan Agusta na 2024, tarar fam 80 ce, wajen jikka 60 na sefa ke nan, bisa kowane yaro, kuma bisa kowane mahaifi: uwa da tata, uba da tashi. In kwana 21 suka wuce ba a biya ba, sai ta ninka ta koma fam 160.

Duk da haka iyaye ba su daina ba. A shekarar karatu ta 2023-2024, lokacin da tarar take fam 60, hukumomin Ingila sun rubuta takardun tara sama da dubu 480, kuma wajen kashi 90 cikin 100 nasu saboda tafiya hutu ne lokacin da lakkol ke buɗe. Mutanen nan ba jahilai ba ne, ba su kuma raina karatu ba. To, me ke sa uwa da uba masu hankali su taka doka da gangan, har su tanadi kuɗin tara tun kafin su tashi? Wanda ke son amsa sai ya bar ƙofar lakkol ya nufi filin jirgin sama.

A da, hawan jirgi a Turai sai attajiri da babban ma'aikaci. Wani kamfanin Amurka mai suna Southwest, wanda ya fara tashi a jihar Texas a 1971, shi ya nuna cewa ana iya tafiyar da jirgi kamar yadda ake tafiyar da motar haya. Ryanair na ƙasar Ailan ya kwaikwaye shi, easyJet ya biyo baya a 1995 daga filin Luton kusa da Landan. Da Tarayyar Turai ta ƙarasa buɗe sararin samaniyarta a 1997, kowane kamfanin Turai ya samu ikon tashi inda ya ga dama, sai kasuwa ta ɓalle. Ryanair kaɗai ya ɗauki fasinja miliyon 200 a shekarar da ta ƙare a watan Maris na 2025.

Dabararsu ba ɓoyayya ba ce. Jirgi iri ɗaya suke saye, don gyara da horon matuƙa su yi sauƙi. Suna cusa kujeru iyakar abin da doka ta yarda: 189 cikin Boeing 737-800. Jirgi ya sauka, cikin minti 25 ana son ya sake tashi, don jirgin da ke tsaye ba ya kawo ko tamma. Suna sauka a ƙananan filaye masu arhar haraji. Abinci da ruwa kuma sai mutum ya saya.

Amma zuciyar cinikin ita ce farashi. Biyen jirgin arha ba shi da tsayayyen kuɗi. Kwamfuta ce ke lura da yawan masu nema, tana ɗagawa tana saukewa dare da rana, kamar farashin rago daf da salla. Ga shi kuwa dukan masu ƴaƴa a Ingila igiya ɗaya ta ɗaure su, wato jadawalin lakkol: sati shida daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, sati biyu-biyu a Kirsimeti da Ista, sati ɗai-ɗai a Oktoba da Fabrairu da ƙarshen Mayu. Ran da aka tashi hutu, miliyoyin iyalai su auka ma kujeru ɗaya, otal-otal ɗaya, bakin teku ɗaya. Kujerar da aka saida da arha a tsakiyar Yuni, ita ce za ta ninka ko fiye a watan Agusta. Ashe arhar biye tana da dalili ɗaya: yara na cikin aji. Mai ƴaƴa yana ganin tallar a bango da talabijin, amma ba domin shi aka yi ta ba.

Nan ne lissafi ke shigowa. Miji da mata masu yara biyu a lakkol, tararsu duka fam 320 ce. In bambancin kuɗin jirgi da masauki tsakanin Yuni da Agusta ya fi haka, kuma sau da yawa yana fi nesa ba kusa ba, to tara ta daina zama horo, ta zama wani ɗan ƙarin kuɗin tafiya kamar na akwati.

Dokar ba haka take ba tun asali. Kafin Satumba na 2013, daraktan lakkol a Ingila yana da ikon ba yaro izinin kwana goma a shekara don tafiyar iyali. Ministan ilimi na lokacin, Michael Gove, shi ya toshe ƙofar, aka ce ba izini sai da larura ta musamman. Wani mutumin tsibirin Wight mai suna Jon Platt ya ƙi yarda. A watan Afrilu na 2015 ya kai ɗiyarsa filin wasan Disney a Florida ta Amurka, ta rasa kwana bakwai na karatu, ya kuma ƙi biyan tara. Hujjarsa ita ce doka cewa ta yi yaro ya riƙa zuwa lakkol a kai a kai, ɗiyarsa kuwa ba mai fashi ba ce. Ƙaramar kotu ta ba shi gaskiya, babbar kotu ma haka a 2016. Amma ran 6 ga Afrilu na 2017 Kotun Ƙoli ta kada shi. Alƙalan suka yanke cewa ma'anar zuwa a kai a kai ita ce zuwa kamar yadda ƙa'idar lakkol ta tsara. Suka ƙara da cewa in an yarda ma ɗaya dole a yarda ma kowa, kuma hakan cin fuska ne ga iyayen da suka daure suka bi doka.

Maƙwabtan Ingila ma suna fama. A Jamus, a watan Mayu na 2018, kwanaki kaɗan kafin a tashi hutu, ƴan sanda sun sa ido a filayen jirgi na Nuremberg da Memmingen, suka samu iyalai wajen 20 ɗauke da yaran da ya kamata a ce suna aji, suka kai rahotonsu ga hukuma. Memmingen kuwa filin jiragen arha ne. A Faransa, tun Satumba na 2019 karatu ya zama tilas daga shekara uku, wato tun daga jardan. Yaron da ya yi fashin rabin yini huɗu cikin wata ɗaya ba da dalili ba, darakta zai sanar da hukumar ilimi, kuma in iyaye sun yi kunnen ƙashi bayan gargaɗi, tara na iya kai yuro 750, kusan jikka 492 na sefa.

Wannan magana ta shafi ƴan Nijar da ke zaune can da iyalansu. Jiragen arha na Turai ba su sauka Yamai, amma dokar farashin ɗaya ce: da an rufe lakkol a farkon Yuli, biyen zuwa gida ya hau. Mai ƴaƴa uku ko huɗu da ke son su ga kakanninsu a Maradi ko Damagaram yakan ji sha'awar tashi tun ƙarshen Yuni. Hukumar ilimi kuwa ba ta bambanta mai zuwa bakin teku da mai zuwa sada zumunci.

Hujjar iyaye ta fi ƙarfi a kan ƙananan yara. Suna cewa: ɗan shekara biyar ko shida, wace jarrabawa zai rasa? Sati ɗaya tare da uwa da uba, yana ganin teku ko tsaunuka, yana jin wani harshe, bai fi mashi amfani bisa zane da waƙa a aji ba? Akwai gaskiya a ciki. Sati ɗaya ba ya kashe karatun yaro mai lafiya wanda ake kula da shi a gida. Dokar Ingila kanta ba ta tilasta zuwa lakkol sai bayan yaro ya cika shekara biyar, shi ya sa iyaye da yawa ke hanzarin yin tafiye-tafiyensu kafin lokacin.

Amma malaman ƙananan azuzuwa suna da tasu amsa, kuma ba ta wasa ba ce. Tsakanin shekara biyar da bakwai ne yaro ke koyon karatu da ƙirga, kuma ana koyar da su bi da bi: harafin yau bisa na jiya yake hawa. Babban ɗalibi in ya yi fashi zai ari littafin aboki ya kwafe. Wanda bai iya karatu ba tukuna, littafin wa zai kwafa? Dole malama ta zauna da shi, sauran kuma su jira. Doka ta ƙayyade yaran irin waɗannan azuzuwa a Ingila kada su wuce 30, kwanakin karatu kuma 190 ne a shekara, wato sati 38. In kowane yaro ya ɗauki satinsa lokacin da ya yi ma iyayensa daɗi, da wuya a samu satin da aji ya cika. Uba yana kallon ɗansa shi ɗaya, malama tana kallon talatin. Kowannensu gaskiya yake faɗi bisa abin da ke gabansa, amma asarar tana faɗawa kan yaron da karatu ke ba wuya, wanda sau da yawa iyayensa ba su da halin zuwa ko'ina.

Akwai kuma abin da yaro ke koya ba a cikin littafi ba. Iyayen da ke tsoron tara sukan kira lakkol su ce yaro ba shi da lafiya. Sai ya komo da fata ta ƙone da rana, an ja mashi kunne kada ya ba abokai labari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a zaɓen gefen da zai tanƙwaru in an sake shi.

Ita kanta arhar, in da ƙananan yara, ba ta kai yadda ake tallarta ba. Da yaro ya cika shekara biyu sai an saya mashi kujera kamar babba. Jaririn da ke kan cinya ma ana biyan wani abu a kansa. Biyen mafi arha ƴar jaka ɗaya kawai ya ƙunsa, wadda za ta shige ƙarƙashin kujera. Mai goyo kuwa ya san kayan yaro sun fi yaro nauyi, kuma kowane akwati da kuɗinsa. Filin da aka raɗa ma suna Paris-Beauvais yana wajen kilomita 85 daga Paris, na Hahn kuma ya fi kilomita 100 daga Frankfurt, sai an ƙara kuɗin kar da awa ɗaya ko biyu bisa hanya. Jiragen da suka fi arha kuma su ne na asuba da na tsakar dare.

Abin da ya fi ɓata ma iyaye rai shi ne kuɗin zaɓen kujera, don wanda bai biya ba kwamfuta na iya raba shi da nashi. Hukumar jiragen saman Italiya ta hana karɓar kuɗi don zaunar da yaro kusa da mahaifinsa a 2021, kotun ƙolin harkokin mulki ta ƙasar kuma ta yi watsi da ƙarar Ryanair a 2024. A Nuwamba na wannan shekara ta 2024, gwamnatin Sipaniya ta ci kamfanonin arha biyar tarar yuro miliyon 179, wajen miliyar 117 na sefa, kan kuɗin jakar hannu da na kujerun yara da makamantansu, kamfanonin kuma suka garzaya kotu. Arha ba ta ado, in ji masu magana.

To, tara ta magance matsalar? Yawan takardun da ake rubutawa ya isa amsa. Ga mai hali, fam 80 kuɗin shayi ne. Ga talaka, ita ce ke raba shi da hutun da bai taɓa samu ba. Waɗanda suka fi kowa hali kuma ba su ma buƙatar satar hutu, don makarantun kuɗi na Ingila galibi suna tashi tun farkon Yuli, ƴaƴansu su hau jirgi da arha cikin halal. Gwamnati ta gane haka, shi ya sa tsarin 2024 ya tanadi cewa karo na biyu cikin shekara uku fam 160 ne kai tsaye, karo na uku kuma ba sauran takarda, ana iya kai mutum kotu, inda tara ke iya kai fam 2,500. An ƙara ma bulala kauri, amma ba a taɓa abin da ke kora mutane ba.

Abin da ke kora su shi ne an tara ƙasa guda a ƙofa ɗaya rana ɗaya. Wasu ƙasashe sun daɗe da rage wannan cunkoso. Faransa ta kasa lakkol-lakkol ɗinta yanki uku, A da B da C, kowane da ranakun hutunsa na hunturu da na bazara. Jihohin Jamus 16 suna jera babban hutunsu bi da bi daga Yuni zuwa Satumba. Holand ma yanki uku gare ta. Wannan bai kawar da tsada ba, kamar yadda iyalan Memmingen suka nuna, amma yana sassauta ta, kuma ba ya cin ma yaro ko kwana ɗaya na karatu.

Kamfanin jirgi ɗan kasuwa ne, ba za a roƙe shi ya saida da arha ran da kowa ke nema ba. Gwamnati ce ke da jadawali a hannunta, ita ya kamata ta gyara. Kafin ta gyara, nauyi na kan iyaye. In za su yi lissafi, su sa kuɗin akwati da na kujera da na kar da na tara, sa'an nan su ƙara abin da ba ya shiga takarda: satin da malama za ta ɓata, yara ashirin da tara da za su jira, da darasin da ɗansu zai ɗauka cewa doka abu ce da ake saye. Wanda ya haɗa wannan jimla da gaskiya, da wuya ya sake ce ma biyen arha.